Kulle da Rumbu: Zaman Jama'a a Kano da Ƙasar Zuru Cikin Annobar 2020

Al'adar Hausawa ce tun kaka da kakanni su sa wa shekara suna da babban abin da ya auku cikinta, don a riƙa lissafin haihuwa da aure da mutuwa da ita. Tsofaffi sun bar mana shekarar marisuwa, watau murar nan mai kisa da ta shigo Ikko ta jirgin ruwa cikin Satumba 1918, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har ta iso Arewa. Sun bar mana kuma shekarar 'Yar Gusau, yunwar 1942. Haka nan shekarar 2020 ta sami nata suna, har biyu ma: waɗansu su ce lokacin korona, waɗansu su ce lokacin kulle. Na farko sunan cutar ne, na biyu kuwa sunan dokar da aka kafa don tare ta. In mutum ya kasa kunne ga talakawa sa'ad da su ke tuna wannan shekara, sai ya ji dokar ta fi cutar yawa a bakinsu. Maƙasudin wannan takarda shi ne a binciki dalilin haka, ta duban zaman jama'a a wurare biyu: birnin Kano, inda aka rufe gari ruf, da ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, inda nauyin dokar ya fi sauka a kan hanyoyi da makarantu da tarurruka.

Ya kamata mu fara jera al'amuran bi da bi. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko mai cutar a Nijeriya, wani Bature ɗan Italiya da ya sauka Ikko. Ran 23 ga Maris aka rufe makarantu a jihohin Arewa maso Yamma, har da Kebbi. Ran 29 ga Maris marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa ƙasa jawabi, ya hana fita a Ikko da Ogun da Abuja. Kano ta sami nata na farko ran 11 ga Afrilu, sai Gwamnan lokacin, Dokta Abdullahi Umar Ganduje, ya kulle jihar daga daren 16 ga wata, wai na kwana bakwai. Kwana bakwai ɗin nan su ne suka miƙe, gama ran 27 ga Afrilu Shugaban Ƙasa ya ƙara mako biyu, daga baya aka sake ƙarawa, ba a ɗage dokar gaba ɗaya ba sai ran 2 ga Yuli. Azumi kuwa ya kama ran 24 ga Afrilu, aka yi Salla ran 24 ga Mayu. Ke nan Kanawa sun yi azumin shekarar nan duka cikin kulle.

To, ita wannan kalma, kulle, ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa ya san auren kulle, inda mace kan zauna cikin gida ba ta fita sai da lalura. Amma fa shi wancan kulle yana tsaye ne bisa ƙafafu biyu. Maigida yana fita kullum safiya ya nemo cefane, yara kuma suna ɗaukar ƙosai da ƙuli-ƙuli da fura su kai talla, su komo wa uwa da ciniki. Mace tana ciki, amma kasuwa tana zuwa mata har tsakar gida. Kullen 2020 ya sare ƙafafun nan duka biyu a rana ɗaya, domin ya tsare miji, ya tsare ɗan talla, ya rufe kasuwar da za su. Saboda haka sa'ad da rediyo ya ce dokar zaman gida, talaka ya ce kulle, abin da ya ke nufi shi ne an mai da shi mai jiran a kawo masa, alhali kuwa babu mai kawowa.

Wanda ya san Kano ya san yawancin mutanenta hannu baka hannu ƙwarya su ke. Ɗan dako a Kantin Kwari ko Singa, direban adaidaita sahu, mai shayi, ɗan ga-ruwa, mai wankin hula, duk abin da suka samu da rana shi za a ɗora a murhu da dare. Irin waɗannan ba su ajiye buhu, awo su ke yi da kwano, wani ma rabin kwano. Ga shi kuma tun Agusta 2019 Gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, abinci ya riga ya fara tsada kafin cutar ta zo. Da kuka ya yi yawa, sai cikin farkon Mayu aka ba da ranakun Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, don mutane su fita su sayi abinci. Amma wannan sassauci ya haifi wani abin mamaki. Jama'ar da aka tsare kwana uku ko huɗu don kada su cakuɗa, sai ga su sun kwararo kasuwa cikin sa'o'i shida, ana turereniya fiye da ta kullum. Kana kuma ranar sayayya ba ta da amfani ga wanda bai yi aiki ba, gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Ƙasar Zuru kuwa zamanta dabam ne. Masarauta ce ta ƙananan hukumomi huɗu, Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, mazaunin Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani. Mutanenta sun yi suna wajen aikin soja da noma, har ma al'adar golmo ta Dakarkari, inda saurayi kan yi wa surukinsa noma shekara da shekaru kafin a ba shi mata, ta isa shaida ga darajar fartanya a wurinsu. Dokar Tarayya ta rufe gari gaba ɗaya ba ta faɗa kan Kebbi ba. Ko da ta faɗa ma, manomin da ya ke da dawa cikin rumbu ba ya jin yunwar kulle kamar yadda ɗan dakon birni ya ji ta, kuma watannin Afrilu da Mayu lokacin sharar gona ne da shuka, aikin da a ke yi a fili, nesa da cunkoso.

Inda dokar ta taɓa Zuru sosai shi ne kan hanya. Daga 4 ga Mayu aka hana tafiya tsakanin jiha da jiha, aka kuma hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe a ƙasa duka. Zuru tana bakin iyaka ne, ga Jihar Neja kudu, ga Zamfara gabas. Zamanin En'e ma cikin Lardin Neja ta ke, sai a 1976 aka haɗa ta da Jihar Sakkwato, kana a 1991 ta shiga Kebbi. Don haka hanyar Rijau zuwa Kontagora tsohuwar hanyar ciniki ce da zumunci, wadda layin taswira bai taɓa yanke ta ba sai a wannan shekara. Bisa takarda an yarda motocin abinci su wuce, amma ko'ina cikin ƙasa direbobi sun yi ta kukan shingaye da abin da a ke karɓa a bakinsu. Manomi yana da hatsi, amma in mai saye daga nesa bai iso ba, ba shi da kuɗin taki, ga damina ta kawo kai. Ba a buɗe hanyoyin ba sai ran 1 ga Yuli. 'Yan makaranta kuwa, 'yan ajin ƙarshe ne kaɗai suka koma cikin Agusta don jarrabawa, saura sai wajen Oktoba. Ashe dai doka ɗaya ce, amma ta kan ci mutum gwargwadon abin da ya ke da shi a rumbu.

Sai mu juya ga ra'ayin jama'a game da cutar kanta. A farkon al'amari maganar da ta fi yawo ita ce babu korona, ko kuwa a ce ciwon masu kuɗi ne, na masu hawa jirgin sama. Da Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa, ya rasu da cutar ran 17 ga Afrilu, waɗansu suka tsorata, waɗansu kuwa suka ce ai ga shaida, manya ta ke kamawa. Amma cikin makonnin nan ne masu haƙar kabari a Kano suka fara ba da labarin cewa gawawwakin da a ke kawo musu sun wuce na kullum, yawanci dattawa. Ɗakin gwajin da ke birnin ya tsaya da aiki na 'yan kwanaki daidai wannan lokaci, Musulmi kuma ba ya barin gawa ta kwana, balle a tsaya bincike. Sai cikin Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon tambayar da aka yi wa iyalan mamatan: mutum 979 ne suka rasu, kuma mai yiwuwa ne kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari cutar ce sanadinsu. Kafin wannan bayani ya fito, kowa ya riga ya yanke nasa hukunci, wani ya ce zafin bazara ne da azumi, wani ya ce rufe asibitocin kuɗi ne ya kashe masu hawan jini da ciwon sukari.

Da yawa cikin 'yan boko sun ɗora wannan shakka a kan jahilci. Tarihi bai goyi bayansu ba. A 1996, sa'ad da sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana na Kano, cikin wani gwaji da ya haɗa yara 200. Goma sha ɗaya suka rasu, waɗansu suka nakasa. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi wannan ɓarna, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka daidaita da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa a 2003 aka tsai da allurar shan inna a Kano, ba a koma ba sai cikin Yuli 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Bayan an ɗage kulle ma, cikin Oktoba 2020, da jama'a suka fasa rumbunan Gwamnati a Jos da Kaduna da waɗansu garuruwa suka tarar da kayan tallafi jibge, sai mai shakka ya ƙara samun abin faɗi.

Kalmomin da aka yi amfani da su ma sun ba da nasu taimako wajen nisanta jama'a. Ƙyallen rufe hanci da baki aka ce masa takunkumi, alhali takunkumi a Hausa abin da a ke sa wa jaki ko raƙumi ne a baki don kada ya ci amfanin gona ko ya yi cizo. Aka ce a ba da tazara, a daina musafaha, ga mutanen da tun suna yara a ke koya musu haɗa kafaɗa a sahu, da gaisuwar hannu, da zuwa dubiya da zaman makoki. Abin da likita ya kira rigakafi, kunnen Bahaushe ya ji shi kamar yanke zumunci. A ƙasar Zuru kuwa akwai ƙarin mataki guda, domin saƙon kan taso da Turanci, rediyo ya juya shi Hausa, sa'an nan wani ya juya wa tsohuwa da ke ƙauye cikin C'lela ko Dukkanci.

Mafi zafi duka shi ne batun wuraren ibada. A ƙarshen Maris, a garin Kusada na Jihar Katsina, matasa sun ƙone ofishin 'yan sanda saboda hana sallar Juma'a. Amma inda malamai suka yi bayani da kansu, suka tuna wa jama'a umurnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na kada a shiga garin da annoba ta sauka kuma kada na ciki su fita, da yadda Sayyidina Umar ya juyo daga hanyar Sham saboda annobar Amwas, sai zukata suka fi natsuwa. Da aka ga Ka'aba kanta babu masu ɗawafi, aka kuma taƙaita Hajjin shekarar ga mazauna Saudiyya, gani ya kori ji. A Kano an yarda aka yi sallar Idi, amma ba a yi hawan Salla ba. Almajirai kuwa, gwamnonin Arewa suka shirya mai da kowane yaro jiharsa ta asali, aka yi ta lodinsu cikin motoci ana ƙetare iyakokin da aka hana kowa ƙetarewa, har aka sami masu cutar cikin waɗanda aka kai Kaduna daga Kano.

Abin lura a ƙarshe shi ne, cikin wannan shekara ɗaya, ran 25 ga Agusta 2020, aka yi shelar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ƙasar da ta ƙi allura a 2003 ita ce ta karɓe ta gida gida har aka kai ga haka. Abin da ya sauya kuwa shi ne bakin da saƙon ya fito. An bi ta Sarkin Musulmi da sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, aka sa matan unguwa su shiga gidajen da namiji ba ya shiga, aka yi haƙuri shekara da shekaru. Kullen korona bai sami wannan lokaci ba, kuma bai tanadi abin da mai awo da kwano zai ci ba. Annoba ba ta sallama, wata za ta sake zuwa kamar yadda marisuwa ta zo kafin korona. Ran da ta zo, tilas hukuma ta fara sanin wane ne mai rumbu, wane ne mai kwano, ta kai wa mai kwano abinci kafin ta rufe masa ƙofa, ta kuma aiko da saƙonta cikin harshensa, ta bakin wanda ya yarda da shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyashe mu da sake ganin irinta.