Rubutun Mako: Tarihin Kujera a Ƙasar Rano da Kibiya



Abin da ya jawo rubutun wannan makon wani kuskure ne da muke yawan cin karo da shi a labaran da ake turowa don gyara. Marubuci zai kai labarinsa zamanin da, tun kafin zuwan Turawa, ya kawo dawakai da ganuwa da 'yan lifidi, komai ya tafi daidai. Can sai ka ji sarki ya jingina da kujerarsa, fadawa sun jawo benci sun zauna a inuwar darbejiya. Mai karatun da ya san abin da yake yi, nan zai ajiye labarin. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun kujera, mu ɗauki ƙasar Rano da Kibiya a matsayin misali.

Rano dai tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta ne ake kira Autan Bawo. Kibiya maƙwabciyarta ce ta gabas, kuma su biyun tare da Bunkure ne suka haɗa masarautar Rano a dokar da aka yi a 2024. Yanki ne na duwatsu da ya fi arewacin Kano samun ruwan sama, don haka ya fi shi itatuwa. Inda itace yake, nan masassaƙi yake.

A da can, matsayin mutum shi ke nuna masa wurin zamansa. Sarki yana kan karaga, fadawa suna ƙasa a gabansa. Malami da alƙali suna kan buzu. Magidanta suna kan tabarmar kaba a zaure, ko a dakali, ko a kan wani gungume da aka yar a gindin ceɗiya ko durumi. Abin da ake kira kujera kuwa 'yar tsugunno ce, kuma kayan mata ce. A kanta ake tuƙa tuwo, a kanta ake kitso, a kanta mai jego ke zama a yi mata wanka. Amarya takan tafi da tata cikin kayan ɗaki. Namijin da aka tarar a kan kujerar matarsa a tsakar gida, ya ba abokan wasansa abin faɗa.

Wannan kujera aikin masassaƙi ce, kuma ba ta da ƙusa ko ɗaya. Gungume guda ake samu, a sare shi da gatari, a bi shi da gizago ana ragewa har mazauni da ƙafafu su fito daga jikinsa. Wani lokaci a ɗora ƙarfe a wuta a yi mata zane. Masassaƙi ya san halin kowane itace kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ƙirya mai tauri ta turmi da taɓarya ce. Aduwa ta allo ce. Alilliba ta ganga ce. Ɗorawa kuwa ba a sare ta haka kawai, domin tana da mai ita, kalwarta kuma ita ce daddawar gida. Tsakanin masassaƙi da maƙeri akwai cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: maƙeri ya ƙera bakin gizago da fartanya, masassaƙi ya yi musu ƙota, gawayin ƙirya kuma ya hura wutar maƙera. Sana'ar gado ce, ɗa yana tashi ya ga ubansa a gindin itace, garuruwa da dama kuma har da sarautar Sarkin Sassaƙa.

Kujera mai dogayen ƙafafu da abin jingina, wadda ake harhaɗawa daga katako, da benci da tebur, sun bazu ne bayan Turawa sun ci Kano a 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, kuma a cikinta akwai sashen koyar da sana'o'in hannu, har da aikin katako. A 1911 layin dogo ya iso Kano. Shi ya sauƙaƙa kawo katakon da aka tsaga a dazuzzukan kudu, da ƙusoshin kanti da zarto. Shi ya kuma kawo ma'aikata daga ƙasar Yarabawa da Gwalkwas da Saliyo waɗanda suka zauna a Sabon Gari, cikinsu akwai masu aikin katako. Sunayen ma sun isa shaida: kafinta, benci, tebur, duk aro ne daga Turanci. Ita ma darbejiyar da muke majalisa a ƙarƙashinta baƙuwa ce. Asalinta daga yankin Indiya ne, kuma sai a 1928 aka fara dasa ta a Borno, daga nan ta yaɗu.

Bambancin sana'o'in biyu a fili yake. Masassaƙi ragewa yake yi, da ido yake awo, in ya zarce da gizago babu gyara. Kafinta haɗawa yake yi, da inci yake awo, in ya yi kuskure ya zare ƙusa ya sake.

A garuruwa irin su Rano da Kibiya, benci ya fara shiga ta ofis da kotu da aji, ya daɗe kafin ya shiga gida. Shekarun 1970 ne suka buɗe wa kafintan karkara kasuwa. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ma'aikata da kuɗi suka shigo yankin. Kuɗin Udoji suka biyo baya, masu albashi suka fara sayen kujerun kushin. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a shekarar, sai ga azuzuwa da ofisoshi birjik, kowanne yana neman abin zama. Mai shayi ya sa benci, mai tireda ya sa, tashar mota ta sa. Kayan ɗakin amarya suka tashi daga gadon ƙarfe da jeren kwalla suka koma gado da kujeru da kabad na katako. Daga nan yaron da ubansa manomi ne ko mahauci ya sami damar shiga shagon kafinta ya koyi aiki, ba tare da an tambaye shi ko ya gada ba. Har yau kafintocin wannan yanki da yawa sukan sayo katako a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa, a bakin hanyar Zariya.

Yadda ake koyon ma abin rubutawa ne. Yaron shago ba ya fara taɓa zarto. Aikinsa na farko shi ne miƙe tsofaffin ƙusoshi da guduma, da riƙe wa maigida bakin katako, da guga da samfefa har hannu ya yi kanta. In an ga ya natsu, sai a ba shi ragowar katako a ce ya haɗa benci ko kujerar ƙofar gida. Tu-bai-tu huɗu na ƙafafu, tsayin mazauni kamar inci 18 daga ƙasa, ƙafafun baya su zarce sama su zama abin jingina. Sai sanduna a ƙasa da za su ɗaure ƙafafun, don kada su buɗe in mai jiki ya zauna. Nan zai koyi cewa ɗanyen katako yana yaudara: ka haɗa shi da damina lafiya lau, hunturu na busawa ya tsage ya karkace. Zai koyi dakushe bakin ƙusa kafin ya buga ta a gefen katako, don kada ta fasa shi. Zai koyi shafa wa ƙafafu baƙin mai saboda gara, tunda kujerar waje a ƙasa take kwana.

Mu ma mun taɓa gwadawa, don gani ya kori ji. Da muka gama muka ajiye ta, sai ga ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Muka rage sauran ukun, sai wata kuma ta ɗage. Muka sake ragewa. Kafin la'asar kujerar da muka yi niyyar ba baƙo ta kusa komawa 'yar tsugunno, wato mun maido da tarihi baya da shekara ɗari a wuni guda. Wani dattijon kafinta da ya leƙo ya yi dariya ya ce, “Ya'yana, ba ƙafar ce ta gaza ba, ƙasar da kuka ajiye ta ce ba ta daidaita ba.” Ashe a kan daɓen da ya daidaita ake gwada kujera kafin a ɗauki zarto.

Yanzu kuma ga kujerar roba. A Faransa aka fito da ɗaya daga cikin na farkonta a 1972, yau babu ɗaurin aure ko zaman makoki ko taron siyasa a Rano ko Kibiya da ba za ka ga an jibge ta ba, haya ake ɗaukowa a mayar. Ba ta da nauyi, gara ba ta cin ta, amma in ta karye sai dai a ɗinke ta da waya. Masassaƙi kuma itacen ne ke gudunsa. Ƙirya ta tafi a gawayi. Madobiya an yi ta lodinta zuwa Sin, musamman daga Taraba, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu a duniya daga 2017. Dajin Falgore da ke kudu yana shan sara. Turmi yana nan da sauran kasuwa, amma akushi ya zama na kwalliya, 'yar tsugunno ma an fara yin ta roba.

Abin mamaki, kalmar kujera ita ce ta ci riba a duk wannan tafiya. Ta tashi daga gindin murhu ta hau sama. Yau muna cewa kujerar mulki, kujerar Makka, kujerar naƙi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Kakanninmu gadon sarauta suka sani. Ku lura, ko a dambarwar masarautun Kano daga 2019 zuwa 2024, wadda ta shafi Rano kai tsaye, bakin jama'a yana cewa kujera, masu kiyaye harshe suna cewa karaga. Marubucin da ya san wannan, zai san kalmar da zai sa a bakin tsohon bafade da wadda zai sa a bakin ɗan siyasa.

To 'yan'uwa, ga aikin wannan makon. Kowa ya nemi abin zama mafi tsufa a gidansu, ya tambayi iya ko kaka: wa ya yi shi, da wane itace, a wace kasuwa aka saye shi, nawa aka biya? Wanda ke kusa da masassaƙi ko kafinta ya je ya zauna da shi ko da awa ɗaya ce, ya rubuto sunayen kayan aikinsa kamar yadda shi yake faɗa, domin da yawansu ba za ku same su a ƙamus ba. 'Yan Rano da Kibiya da Bunkure, ku muka fi sa wa ido, ku gyara mana inda muka karkace, ku ƙaro abin da muka bari. Masu waɗannan sunaye a ka tsufa suke yi, kuma ba kowannensu ne ya bar magaji a gindin itace ba.

Allah ya ƙara mana basira, ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.