Katikis, Magidantan da Suka Riƙe Cocin Katolika a Arewa

In ana ba da tarihin ɗarikar Katolika a Arewacin Nijeriya, da Shendam ake farawa, inda Fada uku na ƙungiyar SMA, wato Waller da Belin da Mouren, suka sauka a 1907. Daga nan sai jerin sunayen bishop-bishop. Mu da muka yi aikin katikis mun san akwai sashen da ba a cika rubutawa ba. Rasuwar dattijon da ya koya mini aikin nan, wanda ya bar gida cike da 'ya'ya da jikoki, ita ta sa nake son in faɗe shi.

Turawan mulkin mallaka ba su yarda 'yan mishan su yi wa'azi a cikin masarautun Musulmi ba. Saboda haka aikin ya karkata zuwa Filato da kudancin Zariya, da unguwannin Sabon Gari inda ma'aikatan jirgin ƙasa 'yan kudu suke zaune. Fada kaɗan ne, ƙauyuka kuwa ba iyaka, wani ƙauyen sai a yi watanni ba a ga Fada ba. Katikis ne ke zaune da jama'a. Shi ke buga ƙarfe da asuba, ya ja addu'ar Lahadi in babu Misa, ya koyar da katikisim, tambaya da amsa, har ta zauna a ka. Shi ke yi wa wanda ke bakin mutuwa baftisma, shi ke binne mamaci. In Fada ya zo, shi ne tafinta. Da safe kuma yana aji da alli a hannu.

Amma a ganina babban wa'azinsa gidansa ne. Fada ba ya aure, don haka ba a wurinsa mutane za su ga yadda auren Kirista yake ba. A gidan Malam Katikis suke leƙawa. A wuraren da yawan mata da hannayen noma ke nuna arzikin mutum, shi ya tsaya a kan mace ɗaya, ko haihuwa ta yi jinkiri, ko dangi sun matsa. Marigayin namu haka ya zauna da matarsa, Mama, har tsufa. Kullum bayan tuwon dare sai ya tara gidan a yi rosari, jikan da ya fara gyangyaɗi ya ɗora shi a cinya ya ci gaba. Ma'auratan da suka yi faɗa a tsakar gidansa ake sulhunta su, Mama kuwa tana cikin jagororin Zumuntar Mata.

Shekarar 1966 ta gwada aikin nan ƙwarai. Bayan rikicin da aka yi, Ibo, waɗanda a lokacin su ne mafi yawan masu cika coci a biranen Arewa, suka koma gida, benci ya zama wayam. A daidai lokacin ne kuma babban taron Vatican na biyu, wanda aka rufe a 1965, ya buɗe ƙofar yin Misa da harshen jama'a. Hausa ta shiga coci sosai, kuma katikis ne suka san yadda za a faɗi abin har ya shiga kunnen manomi. A dayosis na Sakkwato, inda Fada 'yan Dominikan daga Amurka suke aiki tun shekarun 1950, aka mai da hankali ga Maguzawa, cibiyar horar da katikis ta Malumfashi kuma ta yaye mutane da yawa.

An ga amfanin wahalar. Peter Jatau ya zama Akbishop na Kaduna a 1975. Fafaroma John Paul na biyu ya naɗa sababbin Fada a Kaduna a 1982. A 2023 aka kafa dayosis na Katsina, Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, ya zama bishop na farko. Ku tambayi Fadan Arewa, za ku sami da dama da suka tashi a gidan katikis, ko a ƙarƙashin koyarwarsa.

A 2021 Fafaroma Francis ya mai da aikin katikis hidima ta musamman a tsarin coci. Mun yi murna. Sai dai da yawa daga cikin tsofaffinmu ɗan alawus suka karɓa duk tsawon aikinsu, gona ce ta ciyar da iyalansu, yanzu kuma ƙarfin noma ya ƙare. Ina roƙon kowace majami'a ta nemi tsohon katikis ɗinta tun yana da rai, a ɗauki nauyin maganinsa, a kuma zaunar da matasa su rubuta abin da ya sani.