Yadda Aka Samo Maganin Ramin Notin da Ya Cinye Haƙori

A garejojin Arlit akwai wata ɓarna da ido ba ya ganin girmanta, amma tana iya kwantar da mota mako guda. Ramin noti ne yake cinye haƙori. Yaron gareji ya yi ta juya noti, noti na bi, ba ya kamawa. In a murfin inji ne, baƙin mai ya dinga tsatsafowa. In kuwa ramin buji ne, wanda ƴan Najeriya ke ce wa fulogi, to wata rana ana cikin tafiya injin zai tofo shi waje da ƙara, a tsakiyar daji, inda babu ko inuwa. Maganin da ya fi inganci wata ƴar waya ce murɗaɗɗiya da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma sai da aka yi fiye da shekara ɗari ana fama kafin a kai gare ta.

A da can kowane maƙeri a Turai da irin haƙorin da yake yanka wa notinsa. Notin wannan masana'anta ba ya shiga ramin waccan, har ma a inji ɗaya sai an yi wa kowane noti alama don kada ya ɓace wa raminsa. Wajen shekarar 1800 Henry Maudslay ya ƙera injin feƙe ƙarfe mai yanka haƙori iri ɗaya a kowane lokaci. Joseph Whitworth, wanda ya taɓa aiki a wurinsa, shi ya tattara notuna daga masana'antun Ingila ya gwada su, a 1841 ya fito da awo guda mai kusurwar digiri 55. Amurkawa ba su bi ba. A 1864 William Sellers na Filadelfiya ya kawo nasu mai digiri 60. Ƙasashen da ke awo da mita kuma suka zauna a Zurik a 1898 suka tsayar da nasu na milimita. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya tona asirin wannan rarrabuwa, domin notin Amurka ba ya gyara tankar Ingila ko da a filin daga ɗaya suke. Shi ya sa a 1949 Amurka da Ingila da Kanada suka haɗa awonsu na inci ya zama ɗaya. Amma tsofaffin injuna ba su san an yi wata yarjejeniya ba, da haƙoransu na dā suka ci gaba da yawo a duniya.

Arlit kuwa ta gaji kowane irinsu. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, garin ya tashi a 1969 a fili fetal, aka fara fitar da yuraniyom a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Akuta a 1978, Akokan ta zama garin ma'aikatanta. Duk abin da ke motsi a wannan wuri daga wata ƙasa aka kawo shi. Manyan motocin Berliet na Faransa suna da awon milimita. Tsofaffin Land Rover suna da na inci, wasu sassansu ma na Whitworth ne. Ga Peugeot 404 da 504 da samarin Turai ke tuƙowa ta Tamanrasset da In Gezzam da Asamaka su sayar, a shekarun da har gasar Paris-Dakar ta farko, ta 1979, ta ratsa ta Arlit. Daga baya Toyota ta cinye kasuwa, baburan Sin suka cika gari. Duk waɗannan motoci, in sun mutu, notunansu a gwangwani ɗaya suke taruwa a ƙarƙashin teburin makanike.

A nan ɓarnar take farawa. Notin inci mai kauri 5/16 da notin milimita 8 kusan kaurinsu ɗaya, ido ba ya raba su. Sai dai tazarar haƙoransu ta bambanta: na milimita 1.25 ne, na inci ya ɗan haura 1.4. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu lafiya lau, sannan ya cije. Gwani yana jin cijewar a yatsunsa ya ja da baya. Sabon yaro kuwa sai ya ɗauko dogon bututu ya ƙara wa sifana ƙarfi, ya ga noti ya wuce, ya ɗauka ya gama aiki, alhali ya share haƙoran ramin ne gaba ɗaya.

Da a ce injuna sun tsaya a baƙin ƙarfe da abin ya zo da sauƙi. Masu ƙera jiragen sama ne suka koma alminiyom saboda rashin nauyinsa, su ne kuma suka fara ɗanɗana kuɗarsa. Ana yawan kwance buji a injin jirgi don dubawa, kuma duk kwancewa da ɗaurawa sai ƙarfen buji ya ɗan ci laushin alminiyom. A ƙarshen shekarun 1930 wani injiniyan injunan jirgi Ba'amurke, Harold Caminez, ya fito da dabarar shimfiɗa wa ramin wayar ƙarfe mai tauri, noti ya riƙa gogar waya maimakon ya gogi jikin inji. Ita ce aka sani daga baya da sunan Heli-Coil. A 1954 kamfanin Böllhoff na Jamus ya sami izinin ƙera ta, ta bazu a masana'antun motocin Turai, daga can ta gangaro garejoji.

Aikinta yana son natsuwa fiye da ƙarfi. A ce ramin notin milimita 6 ne ya lalace, irin wanda ke riƙe murfin injin babur. Za a sa bakin huji mai milimita 6.3 a share ragowar tsohon haƙori, hannu a miƙe sak, don in ramin ya karkace komai ya karkace. Sai a ɗauko ƙarfen yanka haƙori na musamman da ke zuwa tare da wayar, a shafa masa mai, a juya gaba kaɗan a dawo baya kaɗan don ɓarɓashi ya fita. Ita wayar ba zagayayya ba ce, tana da kaifi ciki da waje: na waje ya kwanta a sabon haƙorin da aka yanka, na ciki ya zama haƙorin da noti zai kama. Ta ɗan fi ramin faɗi, saboda haka sai an matse ta take shiga, in ta shiga kuma ta buɗe ta riƙe kanta ba tare da gam ba. A ƙasanta akwai ɗan harshe da ake kamawa a murɗa ta. In ta nutse ƙasa da baki kaɗan sai a karya shi a ciro. A ramin buji, gwanaye sukan cika ƙarfen yankan da giris don ɓarɓashin ya manne masa kada ya faɗa cikin inji. Abin mamaki shi ne ramin da aka gyara haka yakan fi na asali ƙarfi. A noti na yau da kullum haƙorin farko shi kaɗai ke ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyi, ita kuwa wayar tana ɗan lanƙwasawa ta raba nauyin ga sauran.

Ba ƙaramin amfani ke gare ta ba a ƙasar da hanya ke sassauta noti da kanta. Hanyar yuraniyom, daga Tawa ta Agadas zuwa Arlit, fiye da kilomita 600, an shimfiɗa ta tsakanin 1976 da 1980, kuma duk wanda ya bi ɓangaren Agadas zuwa Arlit a shekarun baya-bayan nan ya san abin da ya rage na kwaltar. Girgiza ta sassauta noti, direba ya ɗaure, ta sake sassautawa, ya sake ɗaurewa da ƙarfin da ya fi na farko. Yashi kuma ya shiga rami ya zama magagari. Ga ɗabi'ar kwance buji inji na da zafi, lokacin da alminiyom ya fi laushi.

Inda babu wayar, makanikai sun daɗe da nasu dabaru. Wani ya faɗaɗa ramin ya sa noti mafi kauri, in akwai nama a gefe. Wani ya cike ramin da walda ya sake hudawa, ko da yake waldar alminiyom ba ta kowa ba ce, zafinta kuma yana iya karkatar da kan inji. Masu injin feƙe ƙarfe sukan feƙe ɗan bututu mai haƙori ciki da waje su dasa, wannan kuwa gyara ne na gaske, a wasu wurare ma ya fi wayar. Akwai kuma ta bakin hanya: a cusa silin wayar lantarki ko yankin gwangwani a ɗaure a kai. Da babu gara ba daɗi, za ta kai ka gari. Laifin shi ne a isa gari a manta da ita.

Matsalar ramin noti ta bi ɗan Adam har wurin wasa, a ƙasashen dusar ƙanƙara. A 1965 wani mutumin Muskegon a jihar Michigan, Sherman Poppen, ya haɗa wa ƴaƴansa mata katakon zamiya biyu ya zama allo ɗaya da ake tsayawa a kai a gangaro kan dusar ƙanƙara. Ba shi da maɗaurin ƙafa, igiya ce a gaba ake riƙewa. Jake Burton Carpenter ya fara ƙera nasa alluna a Vermont a 1977, maɗaurin ƙafa ya shigo, wasan ya girma har ya shiga gasar Olamfik a Nagano a 1998. Da farko cikin katakon ake murɗa maɗaurin kai tsaye, sai ya riƙa tsigewa. Aka koma binne ƙananan ramukan ƙarfe a cikin allon tun a masana'anta, a jere, santimita 4 tsakaninsu, kuma awonsu milimita 6 ne, daidai da na murfin injin babur a Akokan. Ciwonsu ma ɗaya ne: noti ya shiga a karkace, ko a ɗaure fiye da kima, ko tsatsa. In haƙorin ya ɗan tauye sai a bi shi da ƙarfen yanka a gyara. In ya share, wayar Caminez ce. In kuma ramin ƙarfen ne gaba ɗaya ya saki yana juyawa a cikin katako, sai a huda allon ta ƙasa a dasa sabo mai faffaɗan gindi da gam mai ƙarfi, a toshe wurin kada ruwa ya shiga ya ruɓar da itacen.

A Arlit kuwa, COMINAK ta rufe a ƙarshen watan Maris na 2021, gwamnati kuma ta karɓe SOMAIR a watan Yunin 2025. Amma motoci ba su ragu ba, tun da aka ga zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014 Toyota da janareto da injunan niƙa dutse suka ƙaru, kuma iyakar Benin da ta rufe bayan Yulin 2023 ta sa kayan gyara sun yi nisa. Kan inji sabo ba abin wasa ba ne, akwatin wayar nan kuwa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in aka gwada su. Mai gareji da ke da na milimita 6 da 8 da 10 da na buji ya rufe yawancin abin da za a kawo masa.

Ga masu feƙe bututun da kansu kuma akwai abin lura da ya shafi Arlit musamman. Binciken ƙungiyar CRIIRAD a 2003 da na ƙungiyar Greenpeace a 2009 sun sami ƙarafan da suka gurɓata da tururin yuraniyom a kasuwar garin, cikin tarkacen da ya fito daga wuraren haƙa. Ƙarfen da ba ka san asalinsa ba kada ka ɗora shi a injin feƙa, domin ƙurarsa kai da yaranka za ku shaƙa.