Mashigin Grand-Saint-Bernard da Masaukinsa na Shekara Dubu

Tsaunukan Alpes sun gitta kamar ganuwa tsakanin Italiya da maƙwabtanta na arewa da na yamma. Sai dai kowace ganuwa da ƙofofinta. Inda dutse ya rusuna ya bar rata tsakanin ƙololuwa biyu, nan ne mashigi, abin da Faransawa ke kira col. Ɗaya daga cikin mafi daɗewa a tarihi shi ne Grand-Saint-Bernard, wanda ya haɗa garin Martigny na ƙasar Suwis da garin Aosta na Italiya. Tsayinsa mita 2469 ne bisa teku, watau ya ɗara Idukal-n-Tages na tsaunin Bagzan, wuri mafi tsayi a Nijar, da mita fiye da 400. Dusar ƙanƙara na rufe hanyarsa fiye da rabin shekara. Duk da haka mutane sun shafe fiye da shekara dubu biyu suna ratsa shi, da ƙafa, bisa alfadari, cikin mota, da kuma bisa keke. A tsawon wannan lokaci dauloli sun shuɗe, hanyoyi sun sauya, amma wani gida guda da aka gina a kan mashigin domin tarbar matafiyi yana nan yana aikinsa.

Tun kafin zuwan Rumawa, ƙabilun da ke zaune a gindin dutsen suka gane cewa mai riƙe da ƙofa shi ke da kuɗin fito. A shekara ta 57 kafin haihuwar Annabi Isa, Juliyas Kaisar ya tura wani sarkin yaƙinsa mai suna Galba zuwa inda Martigny yake a yau, domin ya buɗe hanya ga fataken da ke kukan tsadar haraji da haɗarin tafiya. Mutanen wurin suka taso masa, dole ya janye. Sai a zamanin sarki Ogustas aka murƙushe ƙabilar Salasi ta ɓangaren kudu, aka kafa garin Aosta a shekara ta 25 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya Rumawa suka gyara hanyar, suka sassaƙe ta cikin dutse a wasu wurare, suka gina ɗakin bauta da zango a saman mashigin. Masu tonon tarihi sun samo ƙananan alluna na tagulla waɗanda sojoji da ƴan kasuwa suka bari, kowanne da sunan mai shi da godiyarsa ga abin bautarsa don ya haye lafiya. Allunan nan shaida ce ta irin fargabar da ke cikin zuciyar mai hawa.

Bayan rushewar daular Rum ta yamma, zangon ya zama kufai, amma tafiya ba ta tsaya ba, domin birnin Rum ya zama wurin ziyarar Kiristocin Turai. A shekarar 990 wani babban limamin Ingila, Sigeric na Canterbury, ya biyo ta nan a hanyarsa ta komawa gida, aka kuma rubuta jerin zangunan da ya yada tun daga Rum har bakin teku. A wancan zamani ba sanyi kaɗai ake tsoro ba. A 972 wasu mayaƙa ƴan asalin Andalus, da suka kafa sansani a gaɓar tekun kudancin Faransa, sun tare shugaban gidan ibadar Cluny, mai suna Mayeul, kusa da Orsières bayan ya sauko daga mashigin, ba su sake shi ba sai da aka biya fansa mai yawa ta azurfa.

A cikin irin wannan hali ne, wajen shekarar 1050, wani malamin coci na Aosta mai suna Bernard ya gina masauki a daidai wurin da hanya ta fi tsayi da haɗari. Ya zaunar da ƴan'uwansa masu ibada a can, ya ɗora musu aiki guda bayan addu'a: duk wanda ya iso a ba shi abinci, da wuta, da makwanci, ba tare da an tambayi asalinsa ko addininsa ba. Ba su tsaya jiran baƙo a bakin ƙofa ba. A lokacin sanyi akwai masu sintiri da kan sauka kowace rana ta ɓangarorin biyu, ɗauke da burodi da abin sha, suna neman wanda hazo ya ɓatar ko wanda dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne. Waɗanda aka tarar rai ya yi halinsa kuwa, ana ajiye gawarsu a wani ɗaki na dabam, tun da ƙasar wurin dutse ce da ƙanƙara, ba ta haƙuwa. Iskar wurin takan busar da gawar har ta daɗe ana gane fuskarta. Sannu a hankali sunan Bernard ya maye gurbin tsohon sunan mashigin, Mont-Joux.

Karnukan da suka yi suna a duniya sun zo daga baya, wajen ƙarshen ƙarni na 17. Amfaninsu shi ne gane hanya cikin hazo, da buɗe ta da faffaɗan ƙirjinsu, da sansano mutumin da ke binne. Mafi shahara cikinsu shi ne Barry, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1814, aka kuma jingina masa ceton mutum wajen 40. Ƴar gangar barasar da ake zana musu a wuya kuwa aikin masu zane ne, hotuna ne suka yaɗa ta.

Hoto ya taɓa yin irin wannan ado ga wani babban baƙo na mashigin. A watan Mayu na 1800 Napoleyon Bonapart ya haye da runduna ta wajen mutum 40,000 domin ya ɓullo wa sojojin Ostiriya ta baya a Italiya. Ba hanyar amalanke a lokacin. Sai aka kwance igwoyi, aka sa su cikin gumagumai da aka rarake kamar kwalekwale, ƙarti suka riƙa jan su da igiya bisa dusar ƙanƙara. Masu masaukin sun tarbi sojojin da burodi da cuku da ruwan inabi, kamar yadda suka saba tarbar kowa. Napoleyon da kansa ya haye ranar 20 ga Mayu bisa alfadari, wani ɗan ƙauyen Bourg-Saint-Pierre na riƙe da linzami. Amma mai zane David ya ɗora shi bisa ingarma mai tabarya, ya kuma rubuta sunansa a jikin dutse kusa da na Hanibal da na Sharlaman. Ranar 14 ga Yuni ya ci yaƙin Marengo. Mutanen Bourg-Saint-Pierre dai sun daɗe riƙe da takardar bashin abin da runduna ta ci ta ɓata, har sai da shugaba Mitterrand ya rufe maganar da kyautar tunawa a 1984.

Darasin da Napoleyon ya ɗauka shi ne cewa igwa na bukatar hanya. Amma ba a nan ya gina ta ba: ya zaɓi mashigin Simplon, inda aka gama aiki a 1805, da na Mont-Cenis. Daga nan darajar Grand-Saint-Bernard ta fara raguwa a idon manyan fatake. Sai jirgin ƙasa ya zo ya huda tsaunukan daga ƙasa: ramin Fréjus a 1871, na Gothard a 1882, na Simplon a 1906. Mai kuɗin tikiti ya daina hawa dutse. Waɗanda suka rage bisa tsohuwar hanya su ne talakawa, galibi ƴan cirani daga Italiya masu neman aikin gini ko na gona a arewa, waɗanda ke hayewa da ƙafa cikin tufafin da ba sa tare sanyi. Su ne suka fi kowa bukatar masaukin.

Hanyar amalanke ta iso saman mashigin ta ɓangaren Suwis a 1893, ta ɓangaren Italiya kuma a 1905. Mota ta biyo baya, ta kawo wani sabon baƙo wanda ba bukata ce ta fito da shi ba, wato mai yawon buɗe ido, wanda ke zuwa da bazararsu ya ga tafkin da ke kusa da gidan da karnuka, ya juya kafin dare. A watan Maris na 1964 aka buɗe ramin mota mai tsawon kusan kilomita 6 a ƙarƙashin dutsen. Tun daga ranar, babu wanda dole ta sa ya bi ta sama.

A nan ne aka zaci labarin zai ƙare, amma sai hanyar ta sami wasu ma'abota. Masu keke sun mai da wahalar hawa abin nema: daga Martigny zuwa sama tafiyar fiye da kilomita 40 ce, ana ɗagawa kusan mita 2000. Babbar tseren keke ta Faransa, Tour de France, ta ratsa mashigin a 1949, shekarar da Fausto Coppi ya lashe ta, ta kuma sake biyowa a 2009. Masu tafiya da ƙafa su ma sun dawo, bayan da Majalisar Turai ta amince a 1994 da tsohuwar hanyar Sigeric, mai suna Via Francigena, a matsayin hanyar al'adu. Da sanyi, in an rufe hanyar mota, masu tafiya bisa sululun ƙanƙara ke isowa. Aikin ceto ya koma hannun jirage masu saukar ungulu da na'urorin gano wanda aka binne, kiwon karnukan kuma ya koma hannun wata gidauniya a Martigny a 2005.

Masu ibadar dai ba su sauko ba. Suna can rani da damina, suna karɓar duk wanda ya ƙwanƙwasa. Rumawa sun riƙe mashigin don haraji da yaƙi, Napoleyon ya ratsa shi cikin ƴan kwanaki, injiniyoyi sun kauce masa ta ƙarƙashi. Abin da ya fi su duka daɗewa a wurin shi ne al'adar da Bernard ya kafa kusan shekara dubu da ta wuce, cewa wanda ya iso a gajiye a fara ba shi abin ɗumi da wurin zama, tambaya ta biyo baya.