Bin Sawun Kakan da Ya Yi Aikin Harajin Kayan Gida a Ingila

A tarihin Ingila akwai ma'aikatan haraji iri biyu waɗanda masu binciken asali kan rikita. Ɗan kwastan yana bakin teku, yana jiran kayan da jiragen ruwa suka shigo da su. Ɗayan kuwa yana cikin ƙasa, yana karɓar haraji a kan abin da aka sarrafa a gida. Majalisar dokoki ce ta ƙirƙiro wannan haraji a 1643, lokacin yaƙin basasa, don ta sami abin biyan sojojinta. Giya ce ta fi ɗaukar nauyinsa, amma ya kai har ga gishiri da sabulu da kyandir da fata da takarda.

Wanda kakansa ya yi wannan aiki, in ya tsaya neman sunansa a rajistar cocin ƙauye guda, zai sha wuya. Hukuma ba ta barin jami'i ya daɗe a wuri ɗaya, gudun kada ya saba da masu dafa giya su riƙa haɗa baki. Shi ya sa akan tarar 'ya'yan mutum guda kowa da garin da aka haife shi.

Wannan rashin yarda kuwa shi ya zame wa jikoki alheri, domin hukumar da ke zargin ma'aikacinta ba ta gajiya da rubutu. Littattafan zamanta, tun daga 1695, suna nan a gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kew, yammacin Landan. A ciki akwai naɗi da canjin wurin aiki da jan kunne da kora. Akwai kuma takardun ɗaukar aiki na 1820 zuwa 1870, masu nuna shekarun mutum da mahaifarsa, da ko yana da aure, da shaidar cewa ya iya rubutu da lissafi.

Sai dai ba kullum abin da za a gano yake da daɗin ji ba. Thomas Paine, wanda daga baya rubuce-rubucensa suka zaburar da Amurkawa neman 'yancin kai, ya yi wannan aiki a Grantham da Alford. A 1765 aka kore shi saboda ya rubuta cewa ya duba kayan da bai je ya duba ba. Ya roƙi afuwa, aka mayar da shi, aka tura shi Lewes a 1768. Can ya rubuta wa majalisa koke a madadin abokan aikinsa, cewa fam 50 a shekara ba ya riƙe mutum da iyalinsa. A 1774 aka sake korarsa, bisa laifin barin wurin aiki ba izini, ya hau jirgin ruwa zuwa Filadelfiya.