Manufofin 'yan takarar Majalisar Dokokin Jihar Jigawa a yankin Haɗejiya

Manufofin 'yan takarar Majalisar Dokokin Jihar Jigawa a yankin Haɗejiya su ne batutuwan da masu neman kujerun majalisar jiha ke sa wa a gaba lokacin yaƙin neman zaɓe a ƙananan hukumomin Masarautar Haɗejiya. Yawancin waɗannan batutuwa suna da alaƙa da Kogin Haɗejiya da fadamunsa: ambaliyar ruwa, ciyawar kacalla, noman rani, kamun kifi da rikicin manoma da makiyaya. Bayan su akwai lafiya, ilimi, hanyoyi da aikin yi ga matasa. Wasu daga cikin manyan matsalolin yankin, musamman sarrafa ruwan madatsun da ke saman kogin, suna hannun gwamnatin tarayya ne, don haka ana samun tazara tsakanin abin da jama'a ke nema da abin da kujerar majalisar jiha ke da ikon yi.

Mazaɓu da tsarin zaɓe

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Jihar tana da ƙananan hukumomi 27, majalisar dokokinta da ke Dutse kuma tana da kujeru 30. Masarautar Haɗejiya ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Auyo, Birniwa, Guri, Haɗejiya, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Kowacce tana da kujera ɗaya, sai Kafin Hausa mai kujeru biyu, wato Kafin Hausa da Bulangu. Ke nan yankin yana da wakilai tara a majalisar. Waɗannan ƙananan hukumomi takwas su ne kuma mazaɓar sanatan Jigawa ta Arewa maso Gabas.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi cewa mai neman wannan kujera ya kasance ɗan Najeriya, mai ilimin da ya kai matakin sakandare, kuma wata jam'iyya ce ta tsayar da shi. A da sai mutum ya kai shekara 30, amma gyaran da aka yi a 2018 ya rage shekarun zuwa 25. Wa'adin majalisa shekara huɗu ne. A zaɓen ranar 18 ga Maris, 2023, an yi aiki da Dokar Zaɓe ta 2022, wadda ta ƙayyade cewa ɗan takarar majalisar jiha ba zai kashe fiye da naira miliyan 30 ba wajen yaƙin neman zaɓe. A ranar ce aka zaɓi Umar Namadi na jam'iyyar APC, ɗan asalin Kafin Hausa, a matsayin gwamna.

Ikon ɗan majalisar jiha

Aikin ɗan majalisar jiha ya kasu kashi uku: yin dokoki, amincewa da kasafin kuɗin da gwamna ya gabatar, da sa ido kan yadda ma'aikatu da hukumomin jiha ke kashe kuɗin. Majalisa tana iya gayyatar kwamishina ko shugaban hukuma ya yi mata bayani, ita ce kuma ke tantance kwamishinoni. Ɗan majalisa yana iya gabatar da ƙudiri ko ya jawo hankalin gwamnati kan wata matsala ta mazaɓarsa, amma ba shi ne ke bayar da kwangila ko ɗaukar ma'aikata ba.

Duk da haka, masu zaɓe sun fi auna wakilinsu da abin da ido ke gani. Wannan ya sa ayyukan mazaɓa, irin su rijiyoyin burtsatse, gyaran ajujuwa, masallatai da ƙananan asibitoci, suke da nauyi a bakin 'yan takara fiye da batun dokoki. Haka nan ana sa ran ɗan majalisa ya taimaka da kuɗin asibiti, kuɗin jarrabawa da neman gurbin aiki, ko da yake babu ɗaya daga cikin waɗannan a cikin ayyukan da tsarin mulki ya ɗora masa.

Ambaliya da ciyawar kacalla

Kogin Haɗejiya yana samun ruwansa ne daga Kogin Kano da Kogin Challawa. Bayan ya wuce garin Haɗejiya, sai ya rarrabu zuwa rassa da dama, ciki har da Marma da Burum Gana, ya malala cikin dausayin Haɗejiya da Nguru, sannan ya haɗu da ruwan Jama'are a yankin Gashuwa ya zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Ƙasar yankin shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka ƙarin ruwa kaɗan kan mamaye gonaki masu yawa.

Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992, dukkansu a Jihar Kano, sun sauya yadda kogin ke gudana. A da yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Bayan gina madatsun, ruwa ya koma gudana kusan duk shekara, wannan kuma ya ba ciyawar kacalla damar yaɗuwa. Kacalla tana tare yashi da laka, ta toshe hanyoyin ruwa, sai ruwan ya bar hanyarsa ya shiga gonaki da gidaje a wani wuri, wasu garuruwan kuma su rasa ruwan da suka saba samu. A cikinta ne kuma tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero ke samun mafaka, haka ma sauro.

An yi ambaliya mai tsanani a yankin a 2001, 2012, 2018, 2020 da 2022. Ƙananan hukumomin Auyo, Haɗejiya, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Alkawuran da 'yan takara ke yi a wannan fanni sun haɗa da yashe kogi, sare kacalla, gina jinga a bakin garuruwa, raba buhunan da ake cikawa da ƙasa don tare ruwa, gina magudanai, da kai agaji ga waɗanda suka rasa gidaje da amfanin gona.

Madatsun biyu suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976 kuma hedikwatarta ke Kano. Majalisar jiha ba ta da ikon ba wannan hukuma umarni kan lokacin sakin ruwa ko yawansa. Abin da ke hannunta shi ne ware kuɗi ga ma'aikatar muhalli da hukumar agajin gaggawa ta jiha, da bin diddigin yadda aka kashe su. A 2006 jihohi shida da ke cin gajiyar kogin, wato Bauchi, Borno, Filato, Jigawa, Kano da Yobe, sun kafa asusun haɗin gwiwa don kula da shi.

Noma da kamun kifi

Noma shi ne babbar sana'ar yankin. Ana noma shinkafa, alkama, masara, tumatir, albasa, barkono da kankana a fadama, sannan gero, dawa, wake da riɗi a jigawa. Aikin noman rani na kwarin Haɗejiya, wanda ke yankin Auyo, ya samu gyara da faɗaɗawa da tallafin Bankin Duniya, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙaddamar da shi a farkon 2023. Filin aikin ya haura hekta 5,000. A watan Nuwamba na shekarar, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa a yankin Haɗejiya.

Buƙatun manoma da ke fitowa a lokacin takara su ne taki da iri a kan kari kuma da rahusa, injinan ban ruwa, rijiyoyin fadama, feshin maganin tsuntsaye, bashin noma, da hanyoyin fito da kaya zuwa kasuwa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar man da ake zuba wa injinan ban ruwa ta sa ana yawan maganar injina masu aiki da hasken rana. Wani abin da ake yawan ƙorafi a kai shi ne rabon kayan tallafi, inda ƙananan manoma ke cewa kayan ba sa isa hannunsu.

Haɗejiya tana da babbar kasuwar kifi da fatake ke zuwa daga sassan Najeriya. Masunta suna neman jiragen ruwa, kayan kamun kifi da wuraren banda na zamani. Akwai kuma saɓani kan dumba, wato jerin gora da ake gittawa a hanyar ruwa, domin tana hana kifi isa ga masuntan da ke ƙasa, tana kuma rage gudun ruwa.

Manoma da makiyaya

Dausayin yankin mafaka ce ga dabbobi da rani, saboda haka makiyaya daga wasu jihohi da Jamhuriyar Nijar suna shigowa da garkunansu bayan damina. Faɗaɗar noman rani ta ci wasu burtaloli da mashaya, shanu kuma kan shiga gonakin da ba a gama girbe su ba. An sha samun rikici mai haddasa asarar rayuka da dukiya a Guri, Kiri Kasamma da Birniwa. A zamanin Gwamna Sule Lamido, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, jihar ta kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya.

Wannan fanni yana cikin waɗanda majalisar jiha ke da cikakken iko a kansu, domin filaye, gandun daji da makiyaya al'amuran jiha ne. 'Yan takara kan yi alkawarin shata burtali, kare makiyaya daga masu mayar da su gonaki, gina mashaya, da biyan diyya. Batun yana da sarƙaƙiya a siyasance, saboda manoma da Fulani mazauna yankin duk masu jefa ƙuri'a ne a mazaɓa ɗaya. Gandun Baturiya da ke Kiri Kasamma, wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008, shi ma yana fuskantar matsin noma, kiwo da sare itace.

Lafiya

Yawaitar ciwon ƙoda a Haɗejiya da garuruwan da ke bin kogin har zuwa Gashuwa a Jihar Yobe ta daɗe tana damun jama'a, masu bincike kuma suna nazarin ruwan sha da magungunan feshi don gano musabbabinsa. Wannan ya sa wankin ƙoda mai sauƙin kuɗi da tsaftataccen ruwan sha suka zama batun siyasa a yankin. Sauran buƙatun sun haɗa da ƙarin likitoci da ungozoma a asibitocin karkara, maganin zazzaɓin cizon sauro, rigakafin kwalara bayan ambaliya, da abinci mai gina jiki ga yara masu tamowa.

Ilimi da matasa

Yankin yana da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejiya. Duk da haka, ƙarancin malamai a makarantun firamare, karatun 'ya'ya mata, makarantun tsangaya da na 'ya'yan makiyaya suna cikin abubuwan da ake tattaunawa. Ambaliya tana ƙara tsananta matsalar, domin makarantu kan rushe ko su zama matsugunin waɗanda ruwa ya kora.

Binciken talauci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen Jigawa suna cikin talauci ta fuskar lafiya, ilimi da yanayin rayuwa. Saboda haka rabon jari, kekunan ɗinki, babura da koyar da sana'a suna cikin alkawuran da aka fi maimaitawa. Masu sukar wannan salo suna cewa taimako ne na ɗan lokaci, kuma masana'antun sarrafa shinkafa, riɗi da tumatir ne za su samar da aiki mai ɗorewa.

Dokoki da batun ƙirƙiro jiha

Daga cikin dokokin da majalisar Jigawa ta yi akwai ta ba naƙasassu alawus na wata-wata a 2007, da dokar hana cin zarafin jama'a da ta kare haƙƙin yara, waɗanda Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sanya wa hannu a 2021. Irin waɗannan dokoki ba su cika fitowa a wuraren gangami ba, sai dai a zaurukan muhawara da ƙungiyoyin farar hula ke shiryawa. Babu mace ko ɗaya a majalisar da aka zaɓa a 2023.

Neman a ƙirƙiro Jihar Haɗejiya tsohuwar buƙata ce da ke tasowa duk lokacin da ake gyaran tsarin mulki. Sashe na 8 na kundin ya sharɗanta samun goyon bayan kashi biyu cikin uku na wakilan yankin da ke neman jihar a majalisun tarayya, majalisar jiha da ƙananan hukumomi, kafin a kai ga ƙuri'ar raba gardama. Wannan ya sa ra'ayin wakilan yankin tara yake da muhimmanci a kan batun.

Yadda ake isar da manufofi

Ba kasafai 'yan takarar majalisar jiha ke wallafa manufofinsu a rubuce ba. Galibi suna jingina ne da manufofin ɗan takarar gwamna na jam'iyyarsu, kamar manufofi 12 da Umar Namadi ya yi takara da su a 2023. Ana isar da saƙo ta hanyar gangami a ranakun kasuwa, ziyarar hakimai, dagatai da malamai, shirye-shiryen rediyo, waƙoƙin siyasa, da shafukan Facebook da WhatsApp. Jam'iyyun APC, PDP da NNPP, waɗanda suka fi ƙarfi a jihar a zaɓen 2023, ba su bambanta sosai ba wajen jerin matsalolin da suke ambata. Muhawararsu ta fi karkata ga wanda ya yi aiki a baya, garin da ya kamata ya fito da wakili a wannan karon, da kusancin ɗan takara da jama'arsa.