Direban Jirgin Wasu: Daga Filin Sukuwar Kano Zuwa Dubai

Tun da Naira ta faɗi a 2023 maganar aikin waje ta yawaita a majalisunmu, kuma cikin ayyukan da ake ambata babu wanda ke ɗaukar hankalin samari kamar tuƙin jirgin sama a kamfanonin Larabawa. Wai albashi da kuɗin waje, wai ga gida, wai babu haraji. Har an fara jin masu shawarar sayar da fili a wajen Kuduru ko Ushafa don a tura yaro makarantar tuƙi. Kafin a kira dillali ya kamata a san tarihin sana'ar, domin mu Hausawa mun daɗe da sanin baƙon direba. Sai dai daga kujerar fasinja muka fara saninsa, shi yana gaba, mu muna baya da carbi a hannu.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwa na Kano. Daga Masar suka taso, suka biyo ta Sudan da Chadi, kusan dai hanyar da kakanninmu ke bi da ƙafa zuwa Makka, su kwashe shekaru, wasu ma su yada zango a Sudan har abada. Daga wannan rana ake lissafin tarihin jirgin sama a ƙasar nan. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, suka fara da mota, daga baya suka koma hayar jirgi. Wanda ya san Fagge ya san sunan Wapa har yau. Kuɗin na 'yan kasuwar Kano ne, fasinjan namu ne, amma jirgin da mai tuƙa shi duk baƙi ne.

Da aka kafa Nigeria Airways a 1958, shi ma da hannun jarin Turawan Ingila aka fara, sai a 1961 gwamnati ta saye kasonsu. 'Yan ƙasa masu lasin tuƙi a lokacin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, irin su Kyaftin Bob Hayes da ya yi karatunsa a Ingila. Don a cike wannan giɓi aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya a 1964, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Makarantar tana nan, kuma ta yaye direbobi da injiniyoyi na ƙasashen Afirka da dama.

To ba mu kaɗai muka fara da baƙi ba. Habasha ta kafa kamfaninta a 1945, kuma wani kamfanin Amurka mai suna TWA ne ya kawo mata direbobi da makanikai da manajoji. Amma Habashawa sun ɗauki baƙon a matsayin malami. A 1957 suka samu kyaftin ɗan ƙasa na farko, Alemayehu Abebe. A 1971 ɗan ƙasa ya zama babban manaja, a 1975 suka sallami Amurkawan cikin mutunci. Shekara talatin suna koyo. Mu kuma a 1979, bayan shekara ashirin da ɗaya da kafa namu kamfanin, sai ga gwamnatin soja ta Obasanjo ta kira Turawan Holan na KLM su zo su riƙe mana shi na shekara biyu. Suka tafi a 1981, aka koma gidan jiya.

Inda baƙon direba ya fi shiga rayuwarmu shi ne lokacin aikin Hajji. Jiragen gida ba sa isa, sai a yi hayar jirgi da direbansa da ma'aikatansa gaba ɗaya, kamar yadda ɗan kasuwa ke ɗaukar shatar tirela. Sau biyu wannan haya ta bar mana tabon da dattawa ba su manta ba.

Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 na kamfanin ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya, ya ɗauko alhazai daga Jidda zai kai su Legas. Yanayi bai yi kyau a Legas ba, aka juya shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce hanya, ya kama da wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu. A lokacin duniya ba ta taɓa ganin hatsarin jirgi da ya ci rai haka ba. Direban Ba'amurke ne, yana yi wa Larabawan Jodan aiki, yana ɗauke da alhazan Najeriya. Shi ya tsira da ransa.

Na biyun ya fi ciwo, saboda abin da bincike ya tono. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda da alhazai 247 zai kai su Sakkwato, da ma'aikata 14. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Masu kula da jirgin a ƙasa sun sani, amma cika tayar zai jawo jinkiri, kuma kamfanin yana tsoron kada kwangilar jigila ta suɓuce masa, sai aka sallami jirgin a haka. Tayoyin suka fashe yana cikin gudun tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutarsu. Direbobin suka juyo za su sauka, ba su kai ba. Duka 261 suka rasu. Allah Ya jiƙan musulmin da ke ciki, Ya sa sun huta.

A kan ji mutane suna cewa da namu ne ke tuƙi da ba haka ba. Ni ban yarda ba. Direbobin Kanada sun mutu tare da alhazanmu, kuma babu wanda ya gaya musu halin da tayarsu ke ciki. Hatsarin Gwammaja na 2002 da na Abuja na 2006 wanda ya ɗauke Sarkin Musulmi Maccido, ai jiragen kamfanonin gida ne. Abin da ya kamata uban yaro ya gani a labarin Jidda shi ne matsayin ɗan haya. Mutum yana nesa da gida, a ƙasar da ba tasa ba, yana aiki ƙarƙashin kwangilar da wani ya sa wa hannu, kuma sama da shi akwai mai kallon agogo da lissafin riba. Duk wanda ya taɓa bin motar kaya ya san yadda mai mota ke matsa wa direba ya kama hanya da taya mai faci.

Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fukafukai, ya taɓa mallakar jirage wajen talatin. Bashi da sata da tikitin alfarma suka cinye shi, har gwamnati ta rufe shi a 2003. A nan ne reshe ya juye da mujiya. Direbobin da ƙasa ta kashe kuɗi ta horar suka watse. Wasu suka shiga kamfanonin 'yan kasuwa irin su Kabo na Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo da Chanchangi na Kaduna da IRS, daga baya Max Air da Azman. Wasu kuma suka ɗauki jaka suka ƙetare, suka zama su ne baƙin direbobi a gidan wasu. Haƙƙin tsofaffin ma'aikatan kuwa, sai a 2018 gwamnatin Buhari ta amince a biya Naira biliyan 22 da ɗoriya, rabin abin da suke bi, bayan da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Dubai ɗin da ake ta ambata, a 1985 ta kafa Emirates da jarin Dala miliyan 10 da jirage biyu na haya daga Pakistan, har da direbobinsu. A wannan shekara giwarmu ta fi su komai. Yau suna da jirage sama da 250, kuma da yake 'yan ƙasarsu kaɗan ne, yawancin masu tuƙa musu baƙi ne daga ko'ina a duniya. Haka Katar, haka Etihad ta Abu Dhabi. Akwai 'yan Najeriya a cikinsu, har da mata, kamar Adeola Sowemimo 'yar Ogbomosho da ke tuƙa Boeing 787 a kamfanin Katar.

Yanzu ga inda nake so masu niyyar sayar da fili su buɗe kunne. Waɗannan kamfanoni ba lasin suke saye ba, awoyi suke saye. Yaro yakan fito makaranta da lasin tuƙin kasuwanci da awa wajen 200 a sama. Babban lasin da ake zama kyaftin da shi kuwa sai da awa 1,500. Bayan haka kowane irin jirgi yana da nasa horon daban da nasa kuɗin, wanda ya iya Boeing 737 ba zai hau Airbus ba sai ya sake zama ɗalibi. Manyan kamfanonin Larabawa sukan nemi baƙon da ya riga ya tara dubban awoyi a babban jirgi. Kun ga ke nan tsakanin makaranta da Dubai akwai kogi, kuma gadarsa ita ce samun aiki a kamfanin gida, wanda shi ma ya fi son wanda ya riga ya ƙware, ko da baƙo ne daga Turai.

Mun ga misali a Kano. A 2013 gwamnatin Kwankwaso ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙin jirgi. Suka gama, suka dawo da takardunsu. Wasu Allah Ya buɗa musu suka samu shiga kamfanonin gida, amma da yawa sun shekara da shekaru ba su taɓa sitiyarin jirgi ba, saboda babu kuɗin wancan horo na biyu, har wasu suka kama wasu sana'o'in. Lasin kuma ba kamar takardar digiri ba ce da za a ajiye a akwati, in ba a tashi ana sabunta shi sai ya mutu. In gwamnatin jiha da ƙarfinta ta kai yara bakin kogi ta tsaya, mai fili ɗaya ya yi lissafinsa har ƙarshe tun kafin ya fara.

Wanda ya ƙetare ɗin fa? Albashin gaskiya ne, kuɗin Dubai a ɗaure yake da Dala, kuma ba a cire harajin albashi. Amma takardar zamansa, wato igama kamar yadda 'yan Saudiyya ke cewa, a hannun kamfani take. Ran da aiki ya ƙare, zama ya kusa ƙarewa. Babu ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya masa, doka ba ta yarda da ita ba a can. Zai yi shekara ashirin, 'ya'yansa su tashi da Turanci da ɗan Larabci, ba su zama 'yan ƙasa ba. A 2020 da korona ta tsayar da jirage, ɗaruruwan direbobi aka sallama a ƙasashen Larabawa, kowa ya tattara iyali ya nemi hanyar garinsu, mai gida ya koma gida, marar gida ya koma haya. Ko babu annoba, duk shekara sai likita ya duba shi, duk wata shida sai an gwada shi a na'urar kwaikwayon tuƙi. Hawan jini ko ciwon sukari ko raunin ido na iya sauke mutum yana tsakiyar ƙarfinsa. In ya tsallake duk wannan, yana cika 65 dokar duniya ta sauke shi.

Mu nan ma baƙi ake ce mana, ƙasar Gbagyi muka zo muka tarar, kuma abin da ya faru a Disambar 2017 da kasuwa ta ƙone ya tuna mana haka. Duk da haka baƙuncinmu irin na zango ne, wanda fatake suka kafa tun daga Salaga har Kumasi: ka sayi fili, ka gina masallaci, ka binne mamacinka, ɗanka ya yi zaɓe. Baƙon direba bai da zango, masauki kawai gare shi.

Wasu iyaye sun tambaye ni hukuncin ibadarsa. A mazhabarmu ta Malikiyya, garin da kamfani ya zaunar da shi da iyalinsa nan ne mazauninsa, salla cikakkiya zai yi. In ya tashi tafiyar da ta kai mil 48 zai yi ƙasaru, kuma in ya sauka wani gari bai yi niyyar kwana huɗu ba, yana nan a matsayin matafiyi. Azumi kuwa da rana yake tafiya, ba da agogon garin da ya baro ba. Wanda ya nufi yamma yininsa zai yi tsawo, ba zai sha ruwa ba sai ya ga rana ta faɗi a inda yake. In azumin zai rage masa natsuwa alhali rayukan mutum ɗari uku na wuyansa, sauƙin da aka yi wa matafiyi ya isar masa, ya sha ya rama. Maganar giya da wasu kamfanoni ke rabawa fasinja ita ma a duba ta tun wajen zaɓen inda za a nema, domin akwai irin su Saudia da ba sa yi.

Da akwai babban kamfanin ƙasa da zai ɗauki yaro mai awa 200 ya raine shi har ya zama kyaftin, kamar yadda Habasha ke yi, da rabin wannan magana ba ta taso ba. A 2018 ƙaramin ministan jiragen sama Hadi Sirika, wanda shi kansa matuƙi ne ɗan Katsina, ya bayyana suna da tambarin Nigeria Air a wani bajekolin jirage a Ingila. Ranar 26 ga Mayu 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, wani jirgi mai fentin Nigeria Air ya sauka a filin jirgin Abuja, aka yi biki, aka ɗauki hotuna. Daga baya aka tabbatar wa majalisa cewa hayarsa aka yi daga kamfanin Habasha. Da aka gama bikin ya koma Addis Ababa, aka goge fentin.